Gwamnan Injin Tarakta: Abin da Za Mu Gyara da Abin da Za Mu Bari



A wannan yanki namu na Kabo da Gwarzo, ruwan shuka yakan sauka ne daga ƙarshen watan Mayu zuwa cikin Yuni. Da zarar ƙasa ta jiƙa, kowa yana so a yi masa haro da huɗa a mako guda. Taraktocin da muke da su kuwa kaɗan ne, kuma da yawa daga cikinsu sun girmi direbobinsu. Waɗansu na ƙungiya ne, an yi karo-karo an saya. Waɗansu na haya ne. Idan guda ɗaya ta kwanta a watan Yuni, gonakin unguwa guda ne za su makara.

A wata damina da ta wuce mun ziyarci wata ƙungiyar manoma da ke da tsohuwar tarakta. Ana cikin aiki sai ta soma rage ƙarfi. Direba yana da gonaki da yawa a layi, masu gona kuma sun tsaya masa a kai. Wani ya ba shi shawara ya “buɗe mata wuta”. Sai ya tsinke ’yar wayar da aka ɗaure wani noti da ita a jikin famfon injekta, ya juya notin. Kwana biyu tana ruri, kowa yana yabon direba. A rana ta uku inji ya buga a tsakiyar gona. Da makanike ya zo ya bincika, sai ya tarar filtar mai ta toshe da datti. Ashe tun farko wannan ce cutar. Maimakon kuɗin filta guda, ƙungiya ta biya kuɗin sauke inji, gonakin da suka rage kuma sai da shanu aka huɗe su, waɗansu bayan makonni.

Notin da direban nan ya juya na gwamna ne. Shi ya sa a wannan fitowa muka ga ya kamata mu yi bayani a kansa, domin masu tarakta da direbobi da shugabannin ƙungiya su san aikinsa.

Mene ne gwamna?

Ba gwamnan jiha muke nufi ba. Makanikai suna kiran wata ’yar na’ura da wannan suna domin ita ce ke mulkin gudun inji. Dukanmu mun taɓa jin aikinta ko da ba mu san sunanta ba. Idan mai injin niƙa ya zuba masara, mukan ji muryar inji ta yi kauri, amma bai mutu ba. Idan masara ta ƙare, murya takan yi sauƙi, amma inji bai tsere da gudu ba. Haka janareta yake yi idan an jona masa dutsen guga. Babu wanda ya taɓa totur. Gwamna ne ya ƙara mai da nauyi ya zo, ya rage da nauyi ya tafi.

Dabarar tsohuwa ce. Tun a shekarar 1788 James Watt ya sa irinta a injin tururi a Birtaniya. Yadda take aiki kuwa yaran da ke korar tsuntsaye a gonar gero sun san shi. Idan yaro yana juya majajjawa, dutse yana jan igiya zuwa waje. In ya ƙara sauri, jan yana ƙaruwa. A cikin gwamna akwai waɗansu ’yan ƙarafa masu nauyi da ke juyawa tare da inji. Idan gudu ya ƙaru sai su buɗe waje, su tura wani ɗan hannu da ke rage mai. A ɗaya gefen akwai sifirin da ke jan hannun nan domin a ƙara mai. Inda jan ƙarafa da jan sifirin suka yi daidai, nan gudun inji yake tsayawa.

Saboda haka idan direba ya ja totur, ba shi ne yake zuba mai kai tsaye ba. Sifirin nan yake ɗamewa, wato yana faɗa wa gwamna gudun da yake so. Gwamna ne ke auna man da zai riƙe wannan gudu, ko garma tana cikin jigawa mai laushi, ko ta shiga laka a bakin fadama.

Injin gas yana bukatar gwamna ƙwarai. Iska tana shigarsa a buɗe koyaushe, mai kaɗai ke tsai da gudunsa. In babu abin da zai rage masa mai, zai yi ta ƙara gudu har ya farfasa kansa.

Ina yake a taraktocinmu?

Yawancin tsofaffin taraktocin da muke gani Massey Ferguson ne masu injin Perkins. Samfurin 135 da 165 an soma ƙera su ne a 1964. Samfurin 375 mai ƙarfin doki 75 ya zo daga baya, kuma har yanzu ana ƙera irinsa a Pakistan. Akwai kuma ragowar Fiat da kamfanin NTM ya harhaɗa a Kano, da Steyr da aka harhaɗa a Bauci, a farkon shekarun 1980, zamanin da hukumar KNARDA ta soma aiki a jihar nan. Jefi-jefi akan ga tsohuwar Ford.

A dukansu gwamna yana tare da famfon injekta, wato famfon da ke tura gas zuwa nozul. Famfon iri biyu ne, kuma ya kamata kowace ƙungiya ta san irin nata.

Na farko shi ne mai siffar gwangwani, wanda bututun nozul suke fita a zagaye daga bayansa. Wanda ya fi yawa shi ne CAV samfurin DPA, wanda aka soma yi a Ingila a 1956. Shi ne a kan yawancin injinan Perkins na da. Gwamnansa yana ciki, kuma ba a zuba masa baƙin mai. Gas ɗin da yake turawa shi ne ke shafe ƙarafansa. Wannan ya sa ruwa ko kananzir a cikin gas suke cinye shi da sauri.

Na biyu shi ne dogon famfo, wanda bututunsa suke jere a sama, kamar Simms da ke kan Ford 5000. Irin wannan yana da nasa wurin baƙin mai. Mutane da yawa ba su san da shi ba, sai a shekara ba a duba ba. Duk ranar da aka yi wa inji juye, a yi wa famfon ma.

A saman famfon DPA akwai ɗan hannu da sandar totur take ja. Yana kai da kawowa tsakanin noti biyu. Ɗaya yana tare shi ta ƙasa, shi ne notin silo. Ɗaya yana tare shi ta sama, shi ne notin iyakar gudu, wanda akan ɗaure da waya da hatimin dalma ko a rufe shi da ’yar hula. Na farkon namu ne. Na biyun ba namu ba ne.

Alamun da kan sa a zargi gwamna

• Inji yana hawa yana sauka shi kaɗai, ba a taɓa totur ba.
• Yana mutuwa a silo, ko kuwa silonsa ya yi yawa har giya tana ƙara wajen shiga.
• An ja totur har ƙarshe amma gudu bai kai yadda aka saba ba.
• Garma tana shiga ƙasa sai inji ya durƙushe, ya daɗe bai farfaɗo ba.
• An mai da totur amma gudu ya ƙi sauka da wuri.

A cikin abin da muka gani, sau da yawa gwamna ba shi da laifi. Yana neman mai ne bai samu ba, ko inji yana neman iska bai samu ba. Don haka kafin a ɗauki sifana a nufi famfo, a bi waɗannan da farko.

Abubuwa shida da za a fara dubawa

1. Gas ɗin kansa. A tsiyayi kaɗan a kwalba mai haske, a ajiye. Ruwa da laka za su kwanta a ƙasa. Tun daga 2022 kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabi, har lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2023, kuma tsada takan jawo gauraye. A sayi mai a inda aka amince. Idan a duro yake, a bar shi ya kwana kafin a ɗiba, kuma kada a ɗebo daga can ƙasa. A tace da tsumma mai tsabta marar gashi.

2. Hanyar mai. Akwai ’yar raga a bakin famfon tanki, akwai wata a cikin ƙaramin famfon da ke ɗago mai. A wanke su. Idan akwai kofin gilashi a ƙarƙashin filta, a zubar da ruwan da ya taru. A duba ɗan ramin iska da ke jikin murfin tanki, domin ƙura takan toshe shi.

3. Filtar mai. A sa sabuwa a farkon kowace damina, a kuma ajiye wata a gida. Wanke tsohuwar filta da fetur ba ya mai da ita sabuwa.

4. Iska a cikin mai. Ita ce babbar mai sa inji hawa da sauka. A sassauta notin fitar da iska a kan filta, a yi ta danna hannun ƙaramin famfo har gas ya fito babu kumfa, sannan a ɗaure. A yi haka a notocin fitar da iska na jikin famfon injekta. Idan iska ta dawo washegari, akwai tiyo ko wasa da ke shan iska, a neme shi.

5. Filtar iska. Ƙurar hunturu da ƙurar haro suna cika ta. Mai takarda a kaɗe ta a hankali ko a canja. Mai kwanon baƙin mai a wanke kwanon, a zuba mai daidai layin da aka zana. Kada a wuce layin nan, za mu faɗi dalili a gaba.

6. Wayar kashe inji. Idan an mai da ita, ɗan hannunta na jikin famfo ya koma wurinsa sarai. In ya tsaya rabi, mai ba zai isa ba.

Idan an gama waɗannan inji ya warke, a bar gwamna ya huta.

Gyaran da za mu iya yi da kanmu

Kafin a fara, a ajiye tarakta a fili mai lebur, a sauke garma ƙasa, a fitar da giya, a ja birki, a sa dutse a taya. Mai aikin ya tuɓe babbar riga da duk abin da ke lilo, domin fanka da fambel suna kusa. A kori yara. Mutum ɗaya ya zauna a kujera, hannunsa kusa da wayar kashe inji.

Sandar totur. Wannan da inji a kashe ake yi. A mai da totur ƙasa duka, a duba ko hannun famfo ya taɓa notin silo. A ja totur sama duka, a duba ko ya taɓa notin iyakar gudu. A tsohuwar tarakta mahaɗan sandar sukan cinye, ko sandar ta lanƙwashe, ko a tarar an ɗaure ta da waya. Sai direba ya ja totur har ƙarshe amma hannun famfo bai kai ƙarshe ba. A nan ne gudu da yawa yake ɓacewa. A canja mahaɗan da suka yi lako-lako, a daidaita tsawon sandar ta wurin zarenta har hannun ya riƙa taɓa notocin biyu ba tare da an tilasta shi ba. A ɗiga baƙin mai a kowace mahaɗa.

Notin silo. A ta da inji, a bar shi kamar minti 15 ya yi zafi, domin silon inji mai sanyi ba shi ne na gaskiya ba. A sa alama da alli ko fenti a inda notin yake, yadda za a iya komawa. A sassauta notin da ke kulle shi. A juya rubu’in zagaye kawai, a saurara. Shigar da shi ciki yana ƙara gudu, fito da shi yana ragewa. Yawancin irin waɗannan injina suna son silo tsakanin juyi 600 zuwa 800 a minti ɗaya. Littafin tarakta yana da ainihin adadin. Idan an samu inji yana tafiya sumul, ba ya girgiza tarakta, a kulle notin. A ja totur sama a mai da shi sau biyu ko uku, a ga ko ya koma silo bai mutu ba.

Kunne kaɗai ba ya isa awo. Agogon gudu na tsofaffin taraktoci yawanci wayarsa ta tsinke tuntuni. A nemi sabuwar waya wurin masu sayar da kayan gyara, irin na kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ko makanike ya zo da ɗan agogon hannu da ake haska wa fule. Agogon nan yana da wani amfanin. Sandar baya da ke juya injin casa, wadda ake kira PTO, an tsara ta ne ta yi juyi 540 a minti, kuma akwai alamar wurin a fuskar agogo. Idan aka wuce, injin casa yakan farfasa hatsi.

Don me ba za mu taɓa notin da aka ɗaure ba?

Na ɗaya, ba ya ba da abin da ake nema. Notin nan iyakar gudu yake tsarewa. Yawan man da famfo zai iya turawa a kowane bugu an riga an saita shi a can ciki. In an buɗe notin, inji zai ƙara ruri da gudu, amma ƙarfin jan garma yana nan yadda yake. Mai son ƙarfin ja ya sauko giya ɗaya, ko ya ɗan ɗaga garma, ko ya jira ƙasa ta ƙara jiƙa. Huɗa mai kyau ba ta son gudun da ya wuce kilomita 5 zuwa 7 a awa, wato saurin mutum mai tafiya da hanzari.

Na biyu, wahalar da ƙarafan inji suke sha tana ƙaruwa fiye da gudun da aka ƙara. Idan gudu ya ninka sau biyu, jan da ke kan fistin da sandunansa yana ninkawa sau huɗu. Ƙarin gudu kashi 20 cikin 100 yana nufin ƙarin wahala kashi 44 cikin 100. Injin da ya yi shekara 30 ko 40 yana aiki ba shi da wannan rarar. Sauri ya haifi nawa.

Na uku, adadin ba na zato ba ne. A jikin famfon DPA akwai ɗan allon ƙarfe mai lambobi. A injinan Perkins, lamba ta ƙarshe a jerin lambobin saiti ita ce iyakar gudun inji idan ba ya ɗauke da kaya. Takan ɗan ɗara gudun aiki. Misali, injin da aka tsara ya yi aiki a juyi 2,200 zai iya kaiwa wajen 2,350 idan babu kaya. Wannan ’yar tazara ita ce filin da gwamna yake aiki a ciki, ba alamar lalacewa ba ce. Lambar da ke kafin ta ƙarshe kuma tana nuna ramukan da ake maƙala sifirin a ciki. Wanda ya buɗe murfin famfo ya mai da sifirin a wani rami dabam, ya canja halin inji gaba ɗaya.

Idan an bi duk matakan da muka lissafa ba a dace ba, ko gas yana yoyo daga saman famfo, ko an tarar an riga an tsinke wayar hatimi, aikin ya zama na masu gyaran injekta. Su ne ke da injin gwaji da ake ɗora famfo a auna man da yake bayarwa. A kai musu famfon tare da nozul duka. A rubuta lambobin allon kafin a bayar. A roƙe su su sake ɗaure notin da hatimi. Lokacin da ya dace da wannan tafiya shi ne Maris ko Afrilu, kafin layi ya yi tsawo. Kuma kada kowa ya sa hannu a bakin nozul ko bututun da ya tsage yana neman yoyo. Gas ɗin yana fita da ƙarfin da zai huda fata, kuma irin wannan rauni sai asibiti nan da nan.

Idan inji ya tsere

Wani lokaci inji yakan ɗauki gudu shi kaɗai, da ƙara mai ban tsoro da hayaƙi mai yawa. Yakan faru idan wani abu ya maƙale a cikin famfo, ko idan inji ya soma shan baƙin mai, misali daga kwanon filtar iska da aka cika fiye da layi. A ja wayar kashe inji nan take. Idan bai mutu ba, rufe famfon tanki ba zai taimaka da wuri ba. A toshe bakin shigar iska da faffaɗan katako. Kada a sa tafin hannu, kada a sa tsumma ko riga, domin zai zuƙe su. Sauran mutane su yi nisa, kada su tsaya a gefen inji. In ba a iya kaiwa ga bakin iskar cikin sauƙi ba, kowa ya gudu. Ana sayen wani inji, ba a sayen wani mutum. Yana da kyau a yanka katakon tun yanzu, a ajiye shi a akwatin kayan aiki, direba da yaronsa su san inda za su ɗora shi.

Abin da ƙungiya za ta shirya

Direban da muka ba da labarinsa ba mugu ba ne. Ana biyansa ne bisa yawan gonakin da ya gama, kuma kowa yana matsa masa. Mu masu gona muna da namu rabon laifin. Ga shawarwarin da muke bayarwa:

• A rubuta layin gonaki tun kafin ruwa ya sauka, a karanta shi a gaban kowa. A tuna da gwauraye da tsofaffi, waɗanda ba su da bakin matsa wa direba.
• A sa mutum biyu su duba hatimin famfo a farkon damina da ƙarshenta.
• A sayi littafi guda na tarakta. A riƙa rubuta ranar juye, ranar canjin filta, litar gas da aka zuba da ekar da aka yi. Idan shan mai ya ƙaru, littafin zai nuna tun kafin inji ya nuna.
• Daga kuɗin kowace eka a ware wani abu domin gyara. A ajiye shi wurin ma’aji dabam.
• A ba direba tukuici idan ya kai ƙarshen damina tarakta tana lafiya.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane irin famfon injekta ne a taraktar da take yi mana aiki? Hatiminsa yana nan?
2. A ina muke sayen gas, kuma yaya muke ajiye shi?
3. Yadda muke biyan direba yana sa shi lallaɓa tarakta ne, ko yana sa shi gaggawa?
4. Idan tarakta ta kwanta a tsakiyar Yuni, wane shiri muke da shi? Shanun huɗa nawa ne a cikinmu, kuma gonar wa za a fara yi?
5. Akwai matasa a cikinmu da za mu iya turawa su koyi gyaran tarakta?

Muna roƙon wanda ya karanta wannan ya karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, musamman direbobi da yaransu. In da hali, a yi taron a gindin tarakta, a nuna wa kowa notocin nan biyu da ido. Sai mun ji daga gare ku.